Zomo a falo, baho a lungu

A gida Arewa in mutum ya ce yana kiwon zomaye, kowa ya san abin da yake nufi: ɗan akurki a bayan gida, ko keji na waya da langa-langa, yara su yanko ciyawa da ganyen dankali su watsa musu, in sun yi yawa a sayar ko a yanka. Ba wanda ya damu da inda suke fitsari. A Legas kuwa, a irin gidan hayar da muke ciki a Agege, bene hawa na biyu, ɗaki biyu da falo da 'yar barandar da ko shanya ba ta ɗauka duka, wannan ita ce tambayar farko. Ba mu da tsakar gida. Ƙasan benen na kowa da kowa ne, ga karen wani maƙwabci, ga ɓerayen kwata da ba sa tsoron mutum balle zomo.

Da ƙanen maigidana ya kawo wa 'yarmu ɗan zomo, fari mai ɗigon baƙi a hanci, kyautar ta haɗa izu goma, zaɓi biyu ne ya rage: ko ya zauna da mu a cikin gida, ko ya koma inda ya fito. Yarinya ta sa kuka, ubanta ya ce a bar mata abinta, ɗawainiya kuma ta faɗo kaina.

Kashinsa bai tayar mini da hankali ba duk da yawansa. Lafiyayyen zomo yakan zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a kwana ɗaya, amma busassu ne, mulmulallu, ba su da wani wari, shara ɗaya ta kwashe su. Fitsarin ne masifa. Ga kauri, ga zarni mai hawa kai, in ya bushe a kan tayil kuma sai ya bar farin tabo da ruwa da sabulu ba sa fitarwa. A falon da taga ɗaya ce take shan iska, ga zafin Legas, kafin azahar duk wanda ya yi sallama ya san akwai dabba a gidan.

Shawara kam na sha ta. Wata maƙwabciyata ta ce in dangwala masa hanci a fitsarin in ɗan make shi, wai haka ake yi wa ɗan kwikwiyo. Matar ƙanen mijina ta ce barkono zan barbaɗa a wuraren. Ban yi ko ɗaya ba, don tun zuwansa na lura ko cokali ne ya faɗi sai ya zabura ya shige ƙarƙashin kujera. Dabbar da a daji kowa ke farautarta, daga shaho har maciji, ba ta san wani abu wai horo ba. Abin da za ta gane kawai shi ne hannun nan abin gudu ne. Daga nan ko ta riƙa ɓuya ko ta fara cizo, fitsarin kuma ya koma can ƙuryar da tsumma ba ya kaiwa.

Abin da ya yi mini amfani shi ne zama in zuba masa ido. Zomo da asuba da wajen magariba yake harkokinsa, tsakar rana kwanciya yake yi. To in na idar da sallar magariba sai in zauna a ƙasa in yi shiru. Kashi yana tafe yana sakinsa, amma fitsari yana da tsari. Sai ya nufi lungu, ya juya, ya ja da baya har ya kusa jingina da bango, ya ɗan ɗage wutsiya, ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ya yi tsalle ya bar wurin. Kuma kusan kullum lungu ɗaya ne: bayan ƙofar falo, tsakanin bango da katakon da muke jera takalma.

Wannan ɗabi'a gado ce. Zomayen gida duka, na Legas da na Kano da na ko'ina, asalinsu wani zomon daji ne na Turai, daga yankin Sifen da Fotugal da kudancin Faransa, mai haƙa rami ya zauna cikin 'yan uwansa, kuma yana ware wurare na musamman da yake zagayawa. Ba jinsinsu ɗaya da zomon dajinmu mai dogayen ƙafafu da mafarauta ke ratayowa ba. Shi wancan ba ya haƙa rami, ba sa ma haihuwa da juna. Ashe ba ni zan ware masa wuri ba, ya riga ya ware. Ni baranda na so, shi bayan ƙofa ya zaɓa. Takalman na kwashe na sake musu wuri.

Na sayo bahon roba a kasuwar Agege, mai kusurwa huɗu, don zagayayye ba ya zama daidai a lungu, yakan bar rata a bayansa, zomo kuma ratar zai nufa. Girman bahon yana da muhimmanci: ya zama zai iya shiga ya juya, har ya miƙe ya kwanta. Tsayin bakinsa ma haka. In ya yi gajarta, zomon zai shiga da niyya mai kyau, ya ja da baya yadda ya saba, gindinsa ya haure baki, fitsarin ya sauka a ƙasa alhali shi yana ciki. Nawa ya kai tsawon tafin hannu. Gefe ɗaya na ɗora wuƙa a wuta na yanke shi ƙasa-ƙasa ya zama ƙofa, don a lokacin ɗan ƙarami ne, bai wuce wata biyu ba.

Sai na sa mai walda ya haɗa mini ɗan shinge na waya mai naɗewa, na kewaye lungun da shi, fili kaɗan, iya baho da kwanon ruwa da kwalin da yake ɓuya da wurin 'yan tsalle-tsalle. Wannan shi ne abin da yara suka fi ƙi, suna ganin an ɗaure musu aboki. Amma zomon da aka sakar wa gida gaba ɗaya tun farko, lungu goma zai zaɓa. Duk inda ya yi fitsari a waje sai in dangwale da takarda in jefa ta cikin bahon, in share ƙwayoyin kashin su ma in zuba a ciki, don hancinsa ya gaya masa nan ne wurin. Sai na ga ya jera kwanaki bai kuskure ba nake ƙara buɗe shingen kaɗan. In ya ɓata, in mayar da shi yadda yake. Da ya fara yawo a falo kuma, duk lokacin da na ga ya ja da baya ya ɗage wutsiya a inda bai dace ba, sai in tafa hannu sau ɗaya in kora shi a hankali ya nufi bahon da ƙafarsa. Ba na ɗaukarsa in jefa shi, kada ya ɗauki bahon gidan kaso.

Sirrin da ya fi duk waɗannan shi ne ciyawa. Zomo yana ci yana kashi a lokaci guda, haka cikinsa yake aiki. In ka tara masa busasshiyar ciyawa a gefe ɗaya na bahon, zai shiga don ya ci, ya daɗe a zaune yana tauna, abin da zai fito kuma ya fito a inda ake so. Ranar da na mayar da ciyawarsa cikin baho, sharar da nake yi ta ragu sosai. Dama ciyawa ita ce ya kamata ta zama mafi yawan abincinsa, kusan kashi 80 cikin 100, saboda hanjinsa da kuma haƙoransa da ba sa daina tsiro. Abincin buhu, irin na kamfani, ɗan kaɗan ne, karas kuma, duk da abin da yara ke gani a katun, lasa ce ta lokaci-lokaci saboda zaƙinsa.

Abin da za a shimfiɗa a ƙasan bahon ya ɗan ba ni wahala. Garin katako shi ne mafi araha a Legas, kowane kafinta yana neman wanda zai kwashe masa. Sai dai ba ka san itacen da aka yanka ba, ba ka san ko an yi masa feshin maganin gara ba, ƙurarsa kuma tana shiga hanci da ido. Akwai itatuwa masu ƙamshi ma da aka san suna cutar da hantar ƙananan dabbobi. Ƙasar da ake sayarwa don kyanwa a manyan kantunan Ikeja, musamman mai dunƙulewa in ta jiƙe, ita ce mafi haɗari, don zomo komai sai ya ɗanɗana, kuma ba ya iya amai. In ta shiga ciki ta dunƙule, ta toshe hanji. Yashi kuwa nauyi, ga riƙe wari, ga shi zai tone ya watsa maka har kan kujera. Na tsaya a kan tsofaffin jaridu, in shimfiɗa da kauri, in yayyaga kwali marar salatif a kai, sannan ciyawa. Jaridar ma yanzu sai an nema, da ni da masu tsire da masu ƙosai muke rububinta.

Ciyawar da ake shigowa da ita daga waje a leda mai hoton zomo, da na ji kuɗinta sai na ajiye ta a hankali na fito. Na nufi wajen mayankar Oko-Oba, inda 'yan uwanmu ke sayar da dusa da harawa ga masu shanu da raguna.

"Hajiya, raguna nawa ne?" in ji wani dattijo mai harawa.

"Baba, zomo ne. Guda ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi yaronsa, suka kwashe da dariya. "To Allah ya sa albarka. Ai wannan ƙullin sai ya kai shi Babbar Sallah."

Ya cika mini buhu da harawar gyaɗa mai kyau, koriya shar, ya ƙara gyara. Zomo ya so ta kamar me, ganyen yake fara tsincewa ya bar karan. Ga ɗan zomo mai tasowa harawa ba laifi, tana gina jiki. Matsalarta sai daga baya ta bayyana.

Farin tabon nan kuwa, farin khal ne maganinsa, irin na girki da ake sayarwa a kwalba. Tabon alli ne, sinadarin kalsiyam da ke fita a fitsarin. In na juye bahon na zuba khal a kan ɓawon da ya kama ƙasansa, sai ka ji yana ɗan tsuwa, ƙananan kumfa suna tasowa, bayan 'yan mintoci ɓawon ya saki, soso ɗaya ya ɗauke shi. Na ƙasa kuma ina haɗa rabi ruwa rabi khal in goge, yana kashe warin da zai sa ya koma wurin. Ba na zuba bilic a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da tururi mai shaƙe mutum, balle dabbar da hancinta ke dab da ƙasa. Magungunan wanke banɗaki masu ƙarfin wari su ma na nisanta su da lungunsa. A makonnin farko ma ba na wanke bahon tas, nakan bar 'yar jiƙaƙƙiyar takarda ɗaya daga tsohuwar shimfiɗa.

Haka muka samu zaman lafiya har na fara cika baki. Sai ya kai wata huɗu zuwa biyar, komai ya rushe. Zomon da ya san bahonsa ya koma watsa kashi a bakin kowace ƙofa. Ya fara zagaye ƙafafuna yana wani ɗan gurnani, yana hawa kan silifas da 'yartsanar yara. Fitsarin ma ya sake salo: yana gudu zai karkace ya fesa, ka ga layi a jikin bango ko a gefen zane. Warinsa ya ƙaru. Balaga ce ta zo, kuma ta zo daidai lokacin da surukata ta sauka daga Zariya za ta yi mana kwana biyu.

Hajiya tun shigowarta ba ta gamsu ba. "Ke 'yar nan, zomo a falo? Abin miya ne kuka mayar ɗan gida?" Na ce ai na jikarta ne. Ta yi shiru saboda jika. Washegari da asuba ta shimfiɗa sallaya, ta juya ɗauko carbi, ya zo ya yi mata feshi a gefen sallayar da bakin zanenta. Ranar na ji faɗan da ban ji ba tun ina amarya.

Na kai maganar wurin malaminmu na Islamiyyar matan aure. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba najasa take ci ba, zomo kuma halal ne. Shafi'awa kuwa suna ganin najasa ne. Ya ƙara da cewa tsarki daban, tsafta daban, in wanke wa Hajiya sallayarta in ba ta haƙuri. Da na kawo mata bayanin sai ta ce, "To ki koma ki gaya wa malam da idona na ga yana cin kashinsa."

Ban koma ba, amma Hajiya ba ƙarya ta yi ba. Zomo kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshen da muke sharewa, akwai kuma wani mai laushi, mai sheƙi, ƙananan ƙwayoyi manne da juna curi guda, mai wari. Wannan na biyun yawanci cikin dare ko da sassafe yake fitowa, sai ya sunkuyar da kai tsakanin ƙafafunsa ya karɓe shi kai tsaye ya haɗiye. Abinci ne da ya riga ya tsima a wani sashe na hanjinsa, yana ɗauke da sinadaran gina jiki da bitamin, sai ya bi ta ciki karo na biyu jiki yake amfana da shi. Lafiyayyen zomo da wuya ka ga irin wannan a ƙasa. In kana yawan ganinsa a baho ko ya manne masa a gashi, to ko abincin buhu da kayan zaƙi sun yi yawa, ko ya yi ƙibar da ba ya iya sunkuyawa, ko wani wuri na masa ciwo.

Maganin feshin balaga ɗaya ne, fiɗiya. Maigida ya ɗan ja da farko.

"Yanzu zomon ma sai an kai shi asibiti an yi masa tiyata? Kuɗin ai ya sayi zomaye nawa."

"Alhaji, ai ana dandaƙe bunsuru ba ka taɓa cewa komai ba. Ko dai wannan, ko ka sayi sabon fenti da sabuwar sallaya duk wata."

Ya ce in nemo likitan. Nan ma sai da na yi tambaya, don yawancin asibitocin dabbobi a Legas karnuka da kyanwoyi suka fi sabawa da su, zomo kuma allurar barci tana buƙatar wanda ya san shi. Akwai tambaya ɗaya da take tace likita: shin in hana shi abinci kafin aiki? Kare da kyanwa ana hana su saboda gudun amai. Zomo ba ya amai, kuma in cikinsa ya zauna babu komai hanjinsa na iya tsayawa, wanda hakan kan kashe shi. Wanda ya ce mini kada in kuskura in hana shi ci, in ma taho masa da ciyawarsa, shi na ba wa. Da safe aka yi, da yamma muka dawo da shi da maganin rage zafi. Daren nan ban damu da baho ba, bakinsa nake kallo. Sai da na ga ya ja ganyen ugu, wanda ake miya da shi a kudu, ya fara tauna, can kuma na ga 'yan ƙwayoyin kashi ƙanana, sannan na kwanta.

Kada wanda ya yi wannan ya zaci washegari zai ga canji. Likitan ya gaya mini sinadarin balaga da ke jininsa yakan ɗauki makonni kafin ya lafa, har wata guda ko fiye yana iya yi wa mace ciki. Haka kuwa aka yi. Na mayar da shi cikin shinge muka sake bin matakan farko, feshin ya riƙa raguwa har ya ɗauke, warin ma ya sauka.

Gado ne kaɗai ya gagara. Duk ladabinsa, in ya samu ƙofar ɗaki a buɗe sai ya haye katifa ya tsula a daidai inda maigida ke kwanciya. Wuri ne mai laushi, mai tsotse ruwa, kuma nan ne ƙamshin jikinmu ya fi yawa, shi kuma yana son ya ɗora nasa a kai. A ganinsa gidan namu ne mu da shi. Dama an ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Duba yadda yake goga haɓarsa a ƙafar kujera da bakin ƙofa da jakar makarantar yara: akwai wani abu a ƙarƙashin haɓar da yake shafawa, mu ba ma jin ƙamshinsa, shi kuwa shaida ce cewa nan nasa ne. Ban tsaya jayayya ba, ƙofar ɗaki a rufe take, yara kuma sun san wanda ya bar ta a buɗe shi zai wanke zanen gado. Haka in an yi baƙi da yawa, kamar ranar Sallah, ko an sake kafet, ko an juya kujeru, zan ga ƙwayoyi ɗai-ɗai a bakin shingensa na kwana biyu, sannan ya bari da kansa. Da filinsa ya kai har baranda sai na ƙara baho na biyu a can, don ba ya son doguwar tafiya in ta matse shi.

Damina ta zo da nata. A watannin Yuni da Yuli, lokacin da ruwan Legas ba ya ɗagawa, busasshiyar ciyawa kan yi fumfuna a cikin buhu ba ka sani ba. Na ga ya daina zama a baho, kashi ya dawo tsakar falo, na sa hanci a ciyawar na ji ta yi warin rima. Ya ƙi ci ne, da ya ƙi ci kuma ya daina shiga. Yanzu kaɗan-kaɗan nake saye, in rataye buhun sama inda iska ke ratsawa, ba na ƙulle ta a leda. Ƙuda ma abin tsoro ne a wannan lokaci: in gashin gindin zomo ya zauna a jiƙe, ƙuda kan yi ƙwai a kai, cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito ta fara cin nama. Don haka da damina kullum nake sake shimfiɗa, kullum kuma sai na ɗaga wutsiya na duba. Da zafin Fabrairu da Maris kuwa wata damuwar ce. Zomo ba ya gumi yadda muke yi, ta kunnuwa yake rage zafi, in yanayi ya haura digiri 30 yana cikin wahala. In akwai wuta nakan daskarar da ruwa a gora in naɗe da tsumma in ajiye masa, ya miƙe a jikinta. Zafi na sa shi shan ruwa da yawa, bahon ya riƙa jiƙewa da wuri.

Ya haura shekara sai wani abu ya faru da bai yi kama da na baya ba. Ba feshi a bango, ba tafki a lungu, sai ɗigo-ɗigo nan da can, har a inda yake kwanciya. Yakan shiga baho ya ɗage wutsiya ya daɗe yana yunƙuri, abin da zai fito kaɗan. Gashin cinyoyinsa ya jiƙe ya yi rawaya. Da na duba jaridar sai na ga abin da ya bari ya yi kauri kamar an dama alli, in ka murza da yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa. Wannan ba rashin ladabi ba ne, muka koma wurin likita. Ya taɓa mararsa ya tambaye ni me yake ci. Da na ce harawa sai ya gyaɗa kai. Yawancin dabbobi iya kalsiyam ɗin da jiki ke buƙata hanjinsu ke ɗauka, zomo kuwa yana kwasar kusan duk wanda ya samu, sai ƙoda ta fitar da rarar ta fitsari. Harawar gyaɗa da ta wake suna da shi da yawa. Ga babban zomo da ya gama girma, ga zama wuri ɗaya, sai ya taru ya kwanta a mafitsara, wani lokaci har ya zama dutse.

An yi masa ƙarin ruwa, aka ba mu magani, aka ce a sake abinci. Na koma wurin Baba mai harawa na ce wannan karon ingirici nake so, ciyawa zalla. Ya ce, "Hajiya, zomon naki ya fi wani ragon gata." Harawa ta koma ɗan kaɗan da ake yayyafawa a sama don ta ja shi. Na cire robar ruwa mai bakin ƙarfe da muke rataya masa na sa kwano mai nauyi, don zomo ya fi shan ruwa sosai a kwano. Ɗanyen ganye kuma ina wankewa in ba shi da jiƙonsa. Wanda ake yankowa a bakin titi ba na karɓa, saboda hayaƙin mota da feshin kashe ciyawa. Cikin 'yan makonni ɗigon ya tsaya, ya koma bahonsa ba tare da na sake kafa shinge ba.

Tun daga nan kafin in zubar da shimfiɗa sai na duba ta. Fitsari ja ko ruwan lemo ya taɓa tsorata ni, ashe sau da yawa launin ganyen da ya ci ne, yakan washe da kansa; wanda ake gudu shi ne mai ɗigon jini ko gudaji, ko wanda ya zo da yunƙuri. Kashin da ya ƙanƙance ya bushe ƙyamas alama ce ba ya cin ciyawa yadda ya kamata. Wanda ya fito a jere, gashi ya sarƙe shi, lokacin zubar gashi ne, sai a yawaita taje shi. In kuwa aka wayi gari baho wayam, ya ƙi abinci, ya takure a lungu, awa 12 ta wuce a haka, ba a jira gobe.

Yanzu fitsari duk a baho yake. Ƙwayoyin kashi kan kuɓuce masa 'yan kaɗan in yana tsalle ko ya fito daga bahon da sauri, wannan kuwa na daina ƙirga shi laifi. Abin da na kwashe ina zuba wa tumatir da alayyafon da na shuka a bokitai a baranda, ragowar kuma maƙwabciyar nan da ta ce in make shi take karɓa don ugunta.

'Yata ta fara maganar a samo masa mace, wai kaɗaici na damunsa, kuma gaskiyarta, zomo dabbar jama'a ce. Na gaya mata sharuɗɗana. Sabuwar za ta zauna a keɓe tukuna, don ba mu manta annobar da ta kashe zomaye da yawa a kudu maso yammacin ƙasar nan a shekarar 2020 ba. Ita ma za a yi mata aiki, ko da shi ba zai iya yi mata ciki ba, saboda macen da ba a yi wa ba ita ma tana alamta wuri da fitsari, kuma ciwon dajin mahaifa ya yi yawa a cikinsu in sun manyanta. Sannan kowa ya shirya, ranar da ta shigo shi da ita za su bi gidan nan lungu-lungu suna watsa kashi, sai an dawo da shinge da baho biyu an faro daga farko.

"Umma, to yaushe?"

Na ce ta bari damina ta wuce, kuma ta fara tambayar babanta kuɗin likita.